Idan Yis Ya Shiga Jinin Majiyyaci: Yadda Ake Tunkarar Cutar Kandida a Sashen Kulawa ta Musamman

Akwai wani saurayi da har yau yake faɗo mini a rai. Taifot ne ya huda masa hanji, aka yi masa aiki, ɗinkin ya warware, aka sake buɗe shi. Ya kwana goma ana zuba masa maganin bakteriya mafi ƙarfi da muke da shi, amma zazzaɓi ya ƙi sauka, hawan jininsa kuma sai ƙasa yake yi. Takardar ɗakin gwaji ta iso da rubutu layi biyu: an ga ƙwayoyin yis (wani nau'in fungas) a kwalbar da aka shuka jininsa, wataƙila gurɓata ce daga fata. Takardar nan ta kwana biyu a cikin fayil babu wanda ya ɗaga ta. Kullum da asuba mahaifinsa yakan tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Likita, yaya jikin yaron naka?" ni kuma in ce, "Baba, muna iya ƙoƙarinmu." Lokacin da muka fara ba shi maganin da ya dace, ƙodarsa ta riga ta tsaya. Allah ya jiƙansa.

Saboda shi nake rubuta wannan jagora, domin likitoci, ma'aikatan jinya, masu haɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaji. Abu ɗaya nake so ya zauna a zuciyar duk wanda ya karanta: yis da ya tsiro a kwalbar jini cuta ce, ko da kwalba ɗaya ce tak, ko da majiyyacin yana zaune yana shan kunu. A ranar da aka gan shi ake fara magani.

Mataki na farko: ka san wanda za ka zarga

Kandida, wato yis ɗin da ke kawo wannan cuta, ba baƙuwa ba ce a jikin mutum. Tana zaune a baki, a hanji, a fata, a al'aurar mata, ba ta damun kowa. Ita ce ke kawo farin ƙurajen bakin jarirai da ƙaiƙayin da mata da yawa ke sawa a layin sanyi. Matsala tana farawa ne idan aka buɗe mata ƙofa zuwa cikin jini, kuma yawancin ƙofofin mu ne muke buɗe su da hannunmu wajen ceton rai: robar da muke zurawa a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, abincin da ake bayarwa ta jijiya, maganin bakteriya mai faɗi da ke share abokan zamanta a hanji har ta sami fili, wankin ƙoda, magungunan da ke danne garkuwar jiki. Sai kuma hanjin da ya huje, musamman wanda aka buɗe fiye da sau ɗaya, da kumburin fankiriyas mai tsanani, da ƙuna mai faɗi, da ciwon sukari, da bakwaini masu ƙarancin nauyi.

A asibitocinmu na arewa, wanda ya fi dacewa da wannan siffa shi ne irin saurayin can: hujewar hanji daga taifot, aiki na biyu, mugunya a ciki, kwanaki a kan magani mai ƙarfi. Cutar ba ta da wata alama tata ta kanta. Zazzaɓi ne, bugun zuciya da sauri, faɗuwar hawan jini, kamar kowace irin gubar jini. Abin da zai tayar maka da hankali shi ne majiyyaci mai irin waɗannan ƙofofi ya kai kwana uku ko huɗu a kan maganin bakteriya da ya dace, an duba zazzaɓin cizon sauro babu, amma jiki ya ƙi.

Wasu likitocin Sifen sun fitar da wani ɗan lissafi a 2006 da ke taimakawa a bakin gado: maki 1 ga abinci ta jijiya, maki 1 ga tiyata, maki 1 idan an sami kandida a wurare fiye da ɗaya a jiki, maki 2 ga gubar jini mai tsanani. Wanda ya kai 3 abin zargi ne. Ni na fi amfani da shi ta ɗaya gefen: idan makin bai kai 3 ba, da wuya kandida ce ke damun majiyyacin.

Mataki na biyu: ɗauki jini kafin ka ɗaura magani

Ga babba, a zuba jini mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, a ɗiba daga wurare biyu aƙalla, ɗaya ta fata, ɗaya ta robar babbar jijiya idan akwai. Ƙarancin jini a kwalba shi ne babban abin da ke sa gwajin ya fito babu komai alhali cutar tana nan. Ko an yi komai daidai ma, shukar jini, wato ajiye jini a kwalba a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, tana kama kusan rabin masu cutar ne kawai, domin kandidar da ta maƙale a cikin ciki ko a hanta ba kullum take yawo a jini ba. Saboda haka idan likitan tiyata ya buɗe ciki, a roƙe shi ya turo mugunya ko tsoka daga wurin kai tsaye. Ruwan da aka ɗiba daga robar da ta kwana biyu ko fiye a ciki ba ya gaya maka komai, domin yis ya riga ya mamaye robar.

Inda ake da gwajin beta-D-glucan, wato gwajin jini da ke neman wani sinadarin bangon fungas, amfaninsa ya fi yawa idan ya fito babu: yana ba ka ƙwarin gwiwar dakatar da maganin da ka fara bisa zato. Idan ya fito akwai, a yi hattara, domin albumin, da wasu matatun wankin ƙoda, da gozin da aka cusa a ciki lokacin aiki duk suna iya ɗaga shi.

Ga ma'aikatan ɗakin gwaji kuma roƙona ɗaya ne. Idan kun ga yis a kwalbar jini, ku ɗauki waya, ko ku tako da ƙafa har sashen. Kada ku jira masinja.

A ɗaya ɓangaren, akwai wuraren da ganin kandida ba ya nufin cuta. A majinar wanda ke kan na'urar numfashi kusan kullum za a same ta, kuma ciwon huhu na kandida abu ne mai wuyar samu ƙwarai, don haka ba a ba da magani saboda wannan. A fitsarin mai robar fitsari ma haka: a cire robar ko a canza ta, yawanci shi ke nan. Waɗanda ake yi wa magani ko babu alama su ne masu ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, da jariran da ba su kai giram 1,500 ba, da wanda za a yi wa aiki a mafitsara ko hanyar fitsari.

Mataki na uku: fara magani a ranar

Wani bincike da aka yi a asibitocin Amurka aka wallafa a 2006 ya nuna abin a fili. Cikin waɗanda aka fara wa fluconazole a ranar da aka ɗauki jinin, kashi 15 cikin ɗari ne suka rasu. Jinkirin kwana ɗaya ya kai adadin zuwa kashi 24, kwana biyu kashi 37, kwana uku ko fiye kashi 41. Kwana biyun da takarda ta yi a fayil, wannan ne farashinsu.

Ga majiyyacin da ke cikin mawuyacin hali, zaɓin farko shi ne ɗaya daga cikin rukunin echinocandin, kuma a kan haka ƙa'idojin ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka na 2016 suka tsaya. Caspofungin ana fara shi da miligiram 70 a rana ta farko, sannan 50 kullum. Micafungin miligiram 100 kullum, ba ya buƙatar babban awo na farko. Anidulafungin miligiram 200 a rana ta farko, sannan 100 kullum. Duka ta jijiya ake ba da su, ba sa taɓa ƙoda, ba a rage su saboda ciwon ƙoda ko wankinta. Suna kashe ƙwayar ne ta hanyar hana ta gina bangonta, kuma suna ratsa yauƙin da take shimfiɗawa a jikin roba. A gwajin da aka wallafa a 2007, anidulafungin ya yi nasara a kusan kashi 76 cikin ɗari, fluconazole kuma kashi 60. Abu ɗaya da ya shafe mu sosai: wanda ke shan rifampicin saboda tarin fuka, idan caspofungin za a ba shi, a bar shi a kan miligiram 70 kullum, domin rifampicin yana rage ƙarfinsa a jini.

To amma gaskiyar magana, a garuruwanmu da yawa samun waɗannan magunguna sai an aika Legas ko Abuja, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Kada a zauna jiran su. A fara da abin da ke hannu yau, a ci gaba da nema.

Abin da ke hannu yawanci fluconazole ne. A nan kuskuren da na fi gani shi ne ƙaramin awo: a rubuta miligiram 150 ko 200 kamar ana maganin ƙaiƙayi. Awon cutar jini shi ne miligiram 800 a rana ta farko, wato miligiram 12 a kowane kilo, sannan 400 kullum, wato 6 a kowane kilo. Mai ƙiba a yi masa lissafi da nauyinsa. Idan ƙoda ta yi rauni, tacewarta ta sauka ƙasa da mililita 50 a minti, awon farko yana nan cikakke, na kullum ne ake rabawa biyu. Mai wankin ƙoda a ba shi bayan an gama wankin. Fluconazole ya fi dacewa da wanda jikinsa bai rikice sosai ba kuma bai sha irinsa kwanan nan ba. A duba sauran magungunan da ke kan takarda: yana ƙara ƙarfin warfarin da phenytoin, rifampicin yana rage nasa, kuma yana iya dagula bugun zuciya idan fotasiyam ya yi ƙasa.

Idan majiyyaci yana cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, babu echinocandin, ko kuma ya riga ya sha fluconazole cutar ta ɓullo a kansa, sai a koma ga amphotericin B. Nau'in liposomal ya fi sauƙi ga ƙoda, awonsa miligiram 3 zuwa 5 a kowane kilo kullum. Tsohon nau'in, deoxycholate, ya fi araha, awonsa miligiram 0.7 zuwa 1 a kowane kilo. A tabbatar wanne ne a hannu kafin a lissafa, domin ba da tsohon nau'in da awon sabon yana iya tsayar da zuciya.

Tsohon nau'in yana buƙatar ladabi, kuma ma'aikatan jinya ne ke riƙe da shi. Garin rawaya ne a kwalba mai miligiram 50, a firji yake zama, saboda haka a tambayi inda aka ajiye shi lokacin da aka ɗauke wuta. Ana narkar da shi da ruwan allura mililita 10, sannan a zuba a ruwan sukari na kashi 5. Ba a haɗa shi da ruwan gishiri, domin yana dunƙulewa. Ko robar da ruwan gishiri ya bi, sai an wanke ta da ruwan sukari kafin a ɗaura. Kafin a fara, a ba babba lita ɗaya ta ruwan gishiri da fotasiyam a ciki idan zuciyarsa da huhunsa za su ɗauka, sannan maganin ya sauka a hankali cikin awa huɗu. Sau da yawa majiyyaci yakan kama rawar ɗari har gado ya riƙa motsi. Na sha ganin 'yan uwa sun firgita sun ce a cire. A yi musu bayani tun kafin a fara, a ba da farasitamol, a rage gudun ruwan. A riƙa auna kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda) da fotasiyam aƙalla kowane kwana biyu, a mayar da maganiziyam, domin fotasiyam ba ya tsayawa a jiki idan maganiziyam ya yi ƙasa. A kauce wa gentamicin da diclofenac a wannan lokaci.

Game da fara magani bisa zato kafin sakamako ya fito: gwajin EMPIRICUS da aka yi a Faransa aka wallafa a 2016 bai nuna cewa ba da micafungin ga duk mai gubar jini da kandida a jikinsa yana ƙara yawan masu tsira ba. Ni dai ina farawa ne ga wanda hawan jininsa ya faɗi kuma yana da ƙofofi a fili, musamman ciki da aka buɗe sau biyu. Idan bayan kwana huɗu ko biyar babu shaida, babu kuma sauƙi, sai in dakatar.

Mataki na huɗu: toshe tushen

Magani ba zai yi aiki ba matuƙar maɓuɓɓugar tana nan. Robar babbar jijiya a cire ta da wuri-wuri, in so samu ne cikin awa 24, a aika bakinta gwaji, a sa sabuwa a wani wuri dabam idan dole ne. Kada a zura sabuwa ta ramin tsohuwa. Na san nauyin wannan magana idan iyali ne suka sayi robar da kuɗin da suka ranto, kuma jijiyoyin hannu duk sun ƙare. Duk da haka sai an cire. Mugunyar ciki a zuƙe ta ko a buɗe a wanke, ɗinkin da ke yoyo a gyara. A sake duba jerin magungunan bakteriya a rage duk wanda ba dole ba, kuma da zarar hanji ya fara aiki a koma ciyarwa ta baki ko ta robar hanci.

Mataki na biyar: nemi sunan ƙwayar

"Yis" ba suna ba ne da zai ishe ka, domin kandida iri-iri ce. Candida albicans yawanci tana jin fluconazole, haka ma tropicalis. Krusei ba ta jin sa sam, halittarta ce haka. Glabrata tana jin sa da kyar, sai da babban awo na miligiram 800 kuma bayan gwaji ya tabbatar. Parapsilosis tana son roba da hannun ma'aikata, ita ce ke yawo a ɗakunan jarirai, kuma a Afirka ta Kudu an sami da yawa daga cikinta sun daina jin fluconazole. Lusitaniae kuma tana iya bijire wa amphotericin.

Ƙaramin ɗakin gwaji ma yana iya taimakawa. Idan aka sa yis ɗin a ruwan jini na awa biyu zuwa uku a zafin jiki, albicans tana fitar da ɗan tsiro kamar wutsiya. A farantin shuka ƙwayoyi da ake kira CHROMagar kuma launi ne ke magana: albicans kore, tropicalis shuɗi, krusei ruwan hoda mai kaushi.

Sai Candida auris, wadda aka fara bayyanawa a Japan a 2009 daga kunnen wata majiyyaciya. Ta bazu a asibitocin Indiya, Afirka ta Kudu da Kenya, an kuma ba da rahoton samunta a Najeriya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na ƙwayoyin fungas mafi haɗari, tare da albicans. Yawancinta ba ta jin fluconazole, wasu ba sa jin amphotericin, kuma tsofaffin na'urori kan ba ta sunan wata, misali haemulonii. Idan ka ga baƙon suna irin wannan, ko majiyyata biyu a sashe ɗaya da yis da ya ƙi magani, ka ware majiyyacin, a sa safar hannu da riga, a goge gado da kayan awo da sinadarin kulorin, a aika ƙwayar babban ɗakin gwaji. Tana daɗewa makonni a jikin ƙarfe da roba.

Mataki na shida: bi sawunta, sannan ka ƙirga kwanaki

A maimaita shukar jini kullum ko bayan kwana ɗaya har sai ta fito babu komai. Wannan ranar ita ce rana ta farko a lissafi. Daga ita ake ƙirga kwana 14, muddin alamomi sun lafa kuma cutar ba ta yi sheƙa a wata gaɓa ba. Ba daga ranar da aka fara magani ake ƙirgawa ba. Idan iyali ba za su iya biyan gwaji kullum ba, a tabbatar an sami aƙalla guda ɗaya mai tsabta da za a kafa lissafi a kai.

Idan jini ya ci gaba da fitar da yis bayan kwana uku zuwa biyar, to akwai inda ta ɓuya. A duba robar da aka manta, a ɗauki hoton zuciya don ganin ko ta kama ƙofofinta, a duba jijiyar da robar ta zauna ko jini ya daskare a ciki, a haska hanta, saifa da ƙoda.

Ido yana da tasa magana. Ƙa'idojin 2016 sun ce a buɗe ƙwayar idon kowane majiyyaci a duba cikin makon farko. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce a 2021 a taƙaita ga masu alama. Ra'ayina shi ne wanda ke kan na'urar numfashi ba zai iya ce maka yana ganin hazo ba, don haka a duba shi. Dalilin kuwa shi ne echinocandin ba ya shiga ido sosai, haka ma ƙwaƙwalwa da fitsari. Idan cutar ta kai ido, ana komawa fluconazole ko voriconazole na mako huɗu zuwa shida, wani lokaci da allura a cikin idon. Idan ƙofar zuciya ce, ana maganar tiyata da magani na aƙalla mako shida bayanta. Ƙashi kuwa watanni yake ci.

Ga bakwaini, amphotericin tsohon nau'i miligiram 1 a kowane kilo shi ne abin da aka saba, jikinsu kuma yana ɗaukarsa fiye da na manya. A ɗebi ruwan ƙashin bayansu a gwada, domin a wurinsu cutar tana saurin hawa ƙwaƙwalwa.

Mataki na bakwai: sauka zuwa na sha

Bayan kwana biyar zuwa bakwai, idan hawan jini ya daidaita, jini ya fito tsaf, ƙwayar kuma mai jin fluconazole ce, a sauya zuwa gare shi. Idan hanji yana aiki a ba da na sha, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari yana shiga jini. Wannan sauyi yana sauke wa iyali babban nauyi, yana kuma ba da damar cire kanula. Ga krusei, voriconazole ne na sha: miligiram 400 sau biyu a rana ta farko, sannan 200 sau biyu kullum. A riƙa duba hanta mako-mako.

Ranar sallama, a rubuta a katin majiyyaci ranar da jini ya fara fitowa tsaf da ranar da magani zai ƙare, da manyan lambobi. Sannan a zaunar da wanda ke jinyarsa a yi masa magana da harshen da yake ji. Ni nakan ce, "Hajiya, ƙwayoyin nan biyu ne kowace safiya har ranar da na rubuta a nan, ko ya ji garau kada a tsaya. Kada a ƙara masa wani magani daga kemis sai an tambaye mu. Idan zazzaɓi ya dawo, ko ya ce yana ganin hazo ko ɗigo-ɗigo a ido, ko bayansa ya kama ciwo, ku dawo da shi a ranar, ko da wata biyu ne bayan yau."